Ta'aziyyar Kabeji

Ranar Talata aka yi wa wani ɗan ƙanena zama a zaure, har da sabuwar tabarma da dattawan dangi. Bai yi sata ba, bai saki mata ba. Bana ne ya ce ba zai dasa tumatir ba, ya zuba kabeji a rabin ekarsa. A Kadawa!

Tun daga nan gaisuwarsa ta canja. Ba mai ce masa "ya aiki?", sai "ya haƙuri?" Wani baffansa ya tsaya a bakin kanal, ya ƙura wa kabejin ido, ya girgiza kai ya ce, "Allah ya sa kaffara ce, ɗana." Gwaggonsa ta aiko da rubutu a gora, wai a sha a shafa, ragowar a yayyafa wa gonar. Iyayen yarinyar da yake nema sun ce a ɗan dakata tukuna. Ni dai yanzu sanarwar sadakar uku nake jira. In za a yi, a faɗa da wuri, a kuma bayyana mana ko mamacin ne za a yanyanka a yi mana kwaɗo, don mu zo da ƙuli-ƙulinmu.

Mu kuwa masu hankali, a mako ɗaya muke dashen tumatir, daga Kura har Bunkure, a mako ɗaya ya nuna, mu ɗunguma Kwanar Gafan kwando kan kwando. Dillali yana sakace, ya taya abin da ko kuɗin taki bai kai ba. Wanda ya yi zuciya ya koma ya yanka kauɗa, ya shanya a gefen titin Zariya, tirela tana barbaɗa mata ƙura. Wannan ba abin kunya ba ne, tunda tare muka faɗi. A 2016 da tsutsar sharon ta lashe gonakin tumatir, har masana'antar tumatir ta Dangote, da aka buɗe a nan a shekarar, ta rasa abin markaɗawa, wa aka kira zaure? Ƙaddara ce. Ƙaddara ba ta hawa kan kabeji, shi sai taurin kai.

Abin da ke ƙona min rai, kowa ya san mai tashi tsakar dare ya datse kanal da buhun ƙasa, ya juya ruwa gonarsa, na ƙarshen layi su wayi gari shukarsu ta yi yaushi. Tun daga Tiga ruwan nan ya taso, dam ɗin da aka gina zamanin Audu Bako domin kowa, mutum ɗaya ya tare shi. Shi ba a yi masa zama. "Mai zafin nema" ake ce masa, a sahun gaba yake sallah, mu miƙa masa hannu biyu.

Af, tunda na ambaci kwando: wa ke saƙa su ne yanzu? A da yaro ɗaya ke ɗauka. Na bana sai ƙarti biyu sun yi nishi, a cika shi, dillali ya ce a yi masa tozo, a kan tozon ya ce a ƙara gyara. Kuɗin kuwa na kwandon da ne. Na tambayi wani mai sayar da su dalili, ya ce haka kowa ke saye, in kuma ƙarami nake so, in je in auna da hulata.