Mashin Ɗin Ɗan Takara Ya Yi Butulci

Na san halinku. Kafin in kai rabin labari wani ya riga ya taɓe baki: "Wai mashin ne zai wayar wa yaro kai? Ai da 'yan kabu-kabu duk sun zama sanatoci." Sannu, Alhaji. Gyara zama a bencin mai shayi, na zaune bai ga gari ba.

Ɗan ƙanwata ne, ɗan Kebbe. Kebbe na ce, maƙwabciyar Tambuwal a kudancin jihar Sakkwato; masu shirin gyara mini zuwa Kebbi ku ajiye bironku. A da siyasar yaron nan ba ta wuce riga mai hoto da kuɗin mai ranar gangami. Boxer ɗin ma da yake hawa, wani ɗan takara ne ya raba, aka ɗauki hoto, aka tafa. Sai wata sabga ta kira shi Illela, bakin iyakar Nijar, ya ce yana da mashin ba zai biya kuɗin mota ba. Ya bi ta Tambuwal, Dogon Daji, Shagari, Bodinga, ya ratsa birnin Shehu, ya miƙe Gwadabawa.

Kwana huɗu ya dawo, girarsa fara fat da ƙura, ya ce, "Kawu, ashe mai mota bai san hanya ba." Gaskiyarsa. Mai mota ya ɗaga gilashi ya kunna sanyi. Shi kuwa kowane rami ƙugunsa ne ya ƙidaya. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, kowace kwalbar 'yan bumburutu da ya juye a tanki sai da ya yi lissafi.

Amma abin da ya tsaya masa a rai a wani ƙauye ya gan shi, inda taya ta yi faci. Mai faci ya tsoma tub cikin ruwan bokiti yana neman kumfa, yaron ya ɗaga kai ya hango famfon tuƙa-tuƙa. Hannun ya karye, an ɗaure akuya a jikinsa, 'yan mata da jarkoki suna wuce shi zuwa rafi. Gefe ga allo mai sunan wanda ya gina. "Kawu," in ji shi, "allon ko tsatsa bai yi ba."

Na ji ka, Malam na can baya: "Kebbe zuwa Illela ce doguwar tafiya?" To, ka san mai gemu da hular nan da samari ke yawo da hotonsa a riga? Che Guevara ke nan, ɗan Ajantina. A Janairun 1952, yana ɗalibin likita ɗan shekara 23, ya hau tsohon Norton da abokinsa Alberto Granado. Ya ga wahalar masu haƙar tagulla a Chile, ya zauna da kutare a Peru, ya koma gida da wani tunani daban. Sai dai nasa mashin a Chile ya mutu, da ƙafa da bayan manyan motoci suka ci gaba. Na ɗanmu da kansa ya shigo Kebbe. Wa ya fi?

Ku kwantar da hankali, bai tara gemu ya shiga daji ba. Dajin ma ya ishe mu da waɗanda ke ciki. Katin zaɓe ya je ya yanka.

Yauwa, ga dariyar da nake jira: "Ƙuri'a a ƙasar nan?" Ku tuna 2019. Zaɓen gwamnan Sakkwato bai kammalu ba sai da aka sake a wasu rumfuna, har da na Kebbe, Aminu Waziri Tambuwal ya tsira da ratar ƙuri'a 342. Ɗaurin auren ɗan mai kuɗi guda a Kuchi, nan cikin Kebbe, ya fi tara mutane haka. Ku da kuka kwana a gida ranar, da ku aka yi lissafin, ba ku sani ba.

Kwanakin baya mai rabon mashin ya dawo gaisuwa, kun san irin gaisuwar. Yaron ya miƙe, ya yi godiya cikin ladabi, sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, nawa ne kuɗin hannun famfo?" Aka yi tsit.

Mai shakka har yanzu, yaron yana tasha kullum da safe. Kuɗin mai kawai za ka biya. Amma a baya za ka zauna, don can rami ya fi bayani.