Takardar koke zuwa ga littafi na biyar na Harry Potter

Zuwa ga mai girma *Harry Potter and the Order of the Phoenix*, ɗa na biyar cikin 'ya'ya bakwai na J. K. Rowling, wanda kamfanin Bloomsbury ya fitar a Landan ranar 21 ga Yuni, 2003.

Mai wannan takarda makaranci ne da ya bi littafin tun daga bangon farko har zuwa na ƙarshe, ya fito rabinsa na godiya rabinsa na ƙorafi, kuma ya ga ya dace a rubuta duka biyun domin kada a ce ya yi da wani a bayan idonsa.

Ƙorafi na farko a kan jiki yake. An bar masu karatu suna jira shekara uku tun bayan littafi na huɗu da ya fito a 2000, sannan aka miƙo musu shafi 766 a bugun Ingila, cikin babi 38, alhali littafin farko bai kai sulusin haka ba, kuma waɗanda aka ce an rubuta dominsu yara ne da hannuwansu ba su gama ƙwari ba. Sai an wuce babi tara kafin a hau jirgin ƙasan zuwa Hogwarts, wato makarantar kwana ta koyon tsafi inda labarin yake gudana, kuma wani kaso na wannan jiran an ɓatar da shi ne wajen sharar wani tsohon gida a Landan da kakkaɓe labulensa. Batun Grawp kuwa, ƙaton nan ɗan'uwan Hagrid, ma'aikacin makarantar, da aka ɗaure a daji, makaranci na roƙon a yafe masa idan ya ce ya karanta shi ne saboda kunya kawai.

Game da Harry kansa, wanda yake ɗan shekara 15 a nan, yana faɗa da abokansa yana ɗaga murya a kan kowa, makaranci ya so ya yi fushi amma hujja ta hana shi, domin yaron da aka kashe ɗan makarantarsu a gabansa, aka kuma wayi gari jarida tana cewa ƙarya yake yi, ba a sa ran ya riƙa rabon murmushi. Wanda ya cancanci tuhuma shi ne Dumbledore, shugaban makarantar, da ya shekara yana kawar da kai daga yaron, sannan bayan ɓarna ta auku ya zaunar da shi ya yi masa dogon bayani a kan wani duba, wato maganar gaibu da aka yi kafin haihuwarsa, wadda ƙarshenta bai wuce abin da kowane mai karatu ya riga ya zata ba, cewa tsakanin Harry da abokin gabarsa Voldemort dole ɗaya ya ga bayan ɗaya.

Sai dai duk wannan an biya shi da Dolores Umbridge, kuma a nan dole a sara wa littafin. Voldemort dodo ne na tatsuniya, ana jin tsoronsa a rufe littafi a yi barci, amma wannan baiwar Allah ma'aikaciyar gwamnati ce da Ma'aikatar Tsafi ta turo, mai rigar sanyi ruwan hoda da ɗan tarin gyaran murya, wadda ta ƙawata ofishinta da farantai masu hoton 'yan kyanwa. Ba ta ɗaga murya. Tana shiga aji da allon rubutu tana auna malamai, tana fitar da doka bayan doka har ta haramta duk wata ƙungiyar ɗalibai da ba ta sa wa hannu ba, kuma horonta shi ne alƙalamin da yake rubutu da jinin mai riƙe da shi, yana tsaga bayan hannunsa, ita kuwa tana zaune tana kallo. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban teburin mai ƙaramin iko ya san ta, shi ya sa ranar da tagwaye Fred da George suka bar mata fadama a wata hanya cikin ginin makaranta suka hau tsintsiyoyinsu suka tafi, makaranci ya manta da ciwon wuyan hannunsa.

Abin da ba a yafe ba shi ne mutuwar Sirius Black, aminin mahaifin Harry kuma waliyyinsa. Mutumin da ya yi shekara 12 a kurkukun Azkaban bisa laifin da bai aikata ba, littafin ya kulle shi a gida tsawon shekara, ya fito da shi daga ƙarshe domin 'yar kawunsa Bellatrix ta jefe shi ya faɗa bayan wani labule, babu gawa balle jana'iza. Ƙarin takaici, ya ba Harry madubin da za su iya magana ta cikinsa, yaron bai kwance ƙunshin ba sai bayan rasuwar, kuma makaranci na zargin cewa marubuciyar ce ta sa shi mantuwar domin labari ya kai inda take so.

Saboda haka ana roƙon mai girma littafi da ya isar wa ƙannensa biyu saƙo, cewa za a karanta su, tun da ba a san yadda za a fasa ba, amma su rage ƙiba, kuma su bar Neville Longbottom, abokin Harry, da ransa.

Wassalam,
Makaranci mai biyayya.