Masu Taɓa Kunun Zaki

A ƙasar Beljiyam akwai wata giyar alkama, fara-fara kamar ruwan gasara, da ake jefa wa ɓawon lemu. A garin Hoegaarden an daina yin ta a 1957, sai wani mai sayar da madara, Pierre Celis, ya tashe ta a 1966. Masu shanta sukan ɗaga kofi su leƙa, su shinshina, su kurɓa, sannan su cika shafi da bayani. Mu a Zamfara an rufe babin giya tun da aka fara aiki da shari'a a 2000, amma cutar nan ta sharhi a bakin kofi ba Turawa kaɗai ta kama ba. Mai musu ya zo Banga da bazara, ya tsuguna kusa da bokitin mai kunun zaki.

Wanda zai fara isowa shi ne Bari-in-taɓa. Bai taɓa saye ba. "Inna, ɗan sammini in ji ko ya yi." Ya shanye rabin ludayi, ya lashe baki, ya dubi sama kamar mai duban wata, ya ce na jiya ya fi. Na jiyan ma taɓawa ya yi.

Sai Masani, wanda na fi jin daɗin kallo. Shi ba ya kai kofi baki sai ya juya shi sau uku, wai don ƙasan ya taso. Kurɓa ɗaya, ya rufe ido. "Wanga gero na bara ne. An jiƙa shi ya wuce kima. Citta ta danne kanumfari, masoro kuwa ko labarinsa babu." Ya san ana raba ƙullu biyu, a sheƙa wa ɗaya tafasasshen ruwa ya yi kauri, in ya huce a zuba ɗanyen da aka niƙa da dankali, a rufe ya kwana, zaƙi da tsami su fito kafin a tace. Zai faɗa maka duk wannan da muryar mai wa'azi, alhali tun da aka haife shi bai taɓa riƙe rariya ba. Ranar da Inna ta ce masa ai yau da dawa ta yi, bai ko girgiza ba, cewa ya yi dama ya ji wani abu-abu.

Akwai Mai-kewar-da. A wurinsa kunu ya ƙare tun zamanin da jirgin ƙasa ke cika tashar Kaura Namoda da fasinjoji da buhunan gyaɗa. Layin dogon ya iso garin a 1929, shi kuwa in yana ba da labari sai ka rantse shi ya tarbi jirgin farko da ƙwarya a hannu. Sukari ya ɓata kunu, roba ta kashe ɗanɗano, ƙanƙara bidi'a ce. Kofi uku yake sha.

Ɗalibin kwalejin fasaha ta Kaura kuwa sai wayarsa ta fara sha. A ɗauki hoto ta nan, a ɗauka ta can, har ƙuda ya riga shi.

Wanda ke tayar da hankalin jama'a shi ne Mai-shakka, kuma bayan la'asar yake zuwa, lokacin da rana ta gama dukan gorar roba har ta kumbura. Yana murɗa murfi ta ce fuss, sai ya ja da baya yana salati. "Malam, wanga tsami bai yi yawa ba kuwa? Ya halatta?" Nan take majalisa ta rabu, kowa ya zama mufti. Masani ya kawo hujja, Mai-kewar-da ya kawo tarihi. Ana cikin haka Bari-in-taɓa ya miƙa hannu, wai a ba shi ya warware musu matsalar.

Inna dai tun asuba take tsaye kan tata da ɗauraye kofuna, babu wanda ya tambaye ta yadda ta yi kunun. Ta karkata bokiti ta kwalfo ƙasan, mai kaurin nan da kowa ke so, ta zuba wa wani direban motar Shinkafi da ya biya kuɗinsa bai ce uffan ba, ta ɗora faifai.