Ranar da Na Kai Golf Ɗina Tsere

Muna da 'yar ƙungiya a Agege, 'yan kasuwa da direbobi, duk masu ƙulafucin wasan mota tun muna samari a gida. Burinmu wata rana mu je Evbuobanosa a jihar Edo, inda aka yi fili musamman don tsere. Kafin Allah ya kai mu, muka yi karo-karo muka kama hayar wani fili a bayan gari ta hanyar Ibadan, aka sa ranar Lahadi.

Motata Golf ce ƙirar 1995, ta sha duniya a Jamus kafin ta zo ta ƙarasa shanta a Legas. Na kai ta wurin bakanikena, ya zagaya ta yana kaɗa kai.

"Alhaji, tsayinta ya yi yawa. Motar tsere da ƙasa take tafiya, in ba haka ba kana shan kwana za ta jirkice da kai."

Ya nuna mini bidiyon Turawa a wayarsa, na ga kuwa haka ne. Ya aika yaro kasuwar Ladipo ya sayo shokazoba na tokumbo, ya yanke sifirin zagaye biyu-biyu, ya cire kujerar baya da safaya taya da jak, wai nauyi shi ne maƙiyin gudu. Ya ƙara fasa salansa don ta riƙa gurnani. Da ya gama, ko tafin hannu da ƙyar yake shiga ƙarƙashinta. Ilimin duk daidai ne, amma na kwalta mai sulɓi ne, kuma babu wanda ya tambayi irin filin da muka kama.

Daren Asabar aka kwana ana ruwa. Da asuba na fito da hular kwanon da na ara wajen wani ɗan acaɓa. Tudun rage gudun da ke bakin layinmu, wanda nake hayewa kullum ina amsa waya, shi ya fara kama ni. Motar ta hau ta zauna daram a kan cikinta, tayoyin gaba suna juyawa a banza. Masu dawowa daga masallaci suka taru.

"Lafiya, Alhaji? Ina zuwa da hular kwano a cikin mota?"

Su suka ɗaga ta, mai shayi yana ba da umarni. Kafin in haye gadar Pen Cinema salansa ta riga ta yi sallama da ni a wani rami, na ɗauko ta na kwantar inda kujera take a da.

Fili kuwa jar ƙasa ce, ruwa ya mai da ita kamar kunun kanwa. Aka ɗaga ƙyalle, na taka totur, na bar kowa a baya, wallahi har na fara tunanin abin da zan gaya wa 'yan jarida. A kwanar farko tayoyin wasu sun riga sun tona kwari biyu lokacin gwaji, tsakiya ya yi tudu. Golf ta ga tudu, ta tuna na layinmu, ta zauna. Ina ciki kowa ya wuce ni yana watsa mini taɓo, har da wani dattijon direba a tsohuwar Fijo doguwa, yana tafe a giya biyu, gwiwar hannunsa a taga. Shi ya ci tseren, shi ya jawo ni da igiya zuwa gida.

Uwargida ta leƙa motar ta ce, "Maigida, gobe Litinin, a kan me yara za su zauna zuwa makaranta?"

Na koma gareji neman kujerata. Na same ta a ƙarƙashin bishiya, yaran bakanike uku a kai suna cin burodin Agege da wake. Ogansu ya ce in ƙara haƙuri su gama, sannan mu yi maganar kuɗin sabon sifirin.