Keke da Jirgin Ruwa: Mutanen da Za Ka Tarar a Unguwar Rimi

A ƙasar Holan akwai wani irin hutu da mutum ke biyan kuɗi masu kauri domin a miƙa masa keke ya yi ta murza feda har cinyoyinsa su yi tsami. Tsohon jirgin dako ake samu, irin dogon nan da a da yake jigilar hatsi ko yashi, a yanka cikinsa ɗaki-ɗaki, a sa gadaje da kicin da wurin cin abinci. Mutum ashirin ko talatin su shiga. Da safe bayan karin kumallo kowa ya sauko da kekensa, a bi gefen ruwa kilomita 40 ko 50, shi kuwa jirgin ya lallaɓa ta cikin kanal ya je ya jira su a zango na gaba. Da yamma su tarar masaukinsu ya riga su isowa, abinci na kan wuta. Haka za a yi ta yi har mako guda, misali daga Amsterdam zuwa Bruges ta ƙasar Beljiyam, a ratsa ta Kinderdijk inda injinan iska 19 ke tsaye, yawancinsu tun wajen 1740, waɗanda aka gina don janye ruwa daga gonaki.

Abin ya zo wa mutanen Holan da sauƙi. Ƙasarsu shimfiɗaɗɗiya ce, kekunansu sun fi su yawa, kuma hawan keke ba ya rage wa kowa girma. Mark Rutte ya yi kusan shekara 14 yana firaminista, ranar da ya miƙa mulki a 2024 kekensa ya hau ya kama hanyar gida.

Mu ma muna da kayan haɗin. Ga Kogin Kaduna a bayan Unguwar Rimi, ya gangaro daga tsaunukan Jos, sai ya yi tafiyar kilomita kusan 550 kafin ya faɗa Kogin Kwara. In kanal ake so, ga su can a Kadawa da Kura da Garun Malam, ruwan madatsar Tiga na bin su. Keke kuwa ba a magana. Saura mutane. Ka je majalisa bayan la'asar ka ce a shirya tafiyar kwana uku, keke da rana, kwale-kwale ya biyo da kaya, sannan ka gyara zama. Ga waɗanda za su amsa maka.

Alhaji Mai Cikakken Shiri

Likita ne ya tsorata shi da maganar sukari da hawan jini. Cikin mako guda ya sayo keke mai giya 21 da kuɗinsa zai sayi babur, da hular kwano, da safar hannu, da agogon da ke ƙirga bugun zuciya, da wani matsattsen wando da dole sai ya ɗora jallabiya a kai har ya fita daga layinsu. Ran Asabar da sassafe za ka gan shi a Titin Isa Kaita, direbansa na biye da shi a jip, fitilu huɗu na walƙiya. Kada ka zaci don gajiya jip ɗin ke bin sa. Sanarwa ce ga jama'a cewa Alhaji motsa jiki yake yi, arziki yana nan daram.

Yana isa Dandalin Murtala sai a ɗauki hoto, a tsaya wajen mai waina, a mayar da abin da aka ƙona har da riba. Keken a but yake komawa gida. Shi ne na farko da zai ce a rubuta sunansa, kuma tambayarsa guda ce: kwale-kwalen akwai esi?

Baba Mai Raleigh

Tsohon ma'aikacin masaƙa ne. Shekaru ya kwashe yana ƙetare gada kullum zuwa Kakuri, inda aka buɗe masaƙar farko a 1957, har zuwa lokacin da injinan suka yi shiru. Kekensa baƙi ne, sirdinsa ya ɗauki siffar mai shi, ga famfo a maƙale, ga ƙararrawa, ga fitilar da ke samun wuta daga gogar taya. Yana tuna zamanin da keke ke da lasin, ɗan doka ya tare ka in ka yi goyo ko ka fito da dare ba fitila.

Zai saurari labarin Holan har ƙarshe, sannan ya ce, "To su nawa ake biyansu a rana?"

"Baba, ai su ne ke biya."

Sai ya yi shiru, ya juya goron da ke bakinsa. "Wa ya rasu a garin da za su? Ko suna ake yi?"

"Ba kowa, Baba. Yawon buɗe ido ne."

"Allah Ya ba su lafiya."

Duk majalisar shi kaɗai ne zai iya kilomita 50 bai yi haki ba, amma kuma ba zai je ba. A wurinsa tafiya sai da dalili: gaisuwa, fatauci, neman ilimi ko neman aure.

Na-Je-Turai

Ya taɓa zuwa kwas na mako biyu a birnin Hague, kuma tun daga ranar duk maganarsa da "a can kuwa" take farawa. Amma a ba shi haƙƙinsa, ya iya bayani. Shi zai zana maka a ƙasa yadda jirgi ke hawa tudu: a shigar da shi wani ɗaki mai ƙofa gaba da baya, a rufe, a sako ruwa har ya ɗago shi daidai da ruwan da ke gaba, sannan a buɗe ya wuce. Shi zai gaya maka cewa mahaɗar hanyoyin keke lambobi gare su, ka rubuta lambobin a takarda ka yi ta bi, ba ka tambayar kowa hanya. Ya san cewa a tashar jirgin ƙasa ta Utrecht akwai wurin ajiye keke 12,500, kuma duk shekara ana tsamo dubban kekuna daga kanal ɗin Amsterdam.

Abin da ba ya faɗa shi ne bai hau keke ko sau ɗaya ba a can. Iyakar hulɗarsa da shi ita ce ranar da ya bi jan titi da ƙafa yana zaton na masu tafiya ne, wata tsohuwa ta kaɗa masa ƙararrawa har ya yar da jakarsa. A nan gida kuwa, masallacin bakin layi ma da mota yake zuwa.

Mai Tsoron Ruwa

Keken bai dame shi ba, kwale-kwalen ne matsalar. Da ka ambaci kogi zai fara lissafo maka kadoji da 'yan ruwa da wani ɗan ƙanin maƙwabcinsu da ya je wanka bai dawo ba. Ka ce masa a lambun Gamji ne kawai ake ganin kada yanzu, a killace, ya ce to iyayensu fa, ina suka tafi? In aka matsa masa ya shiga, zai zauna a tsakiya ya riƙe gefe biyu, ya karanta addu'ar shiga jirgi, ya ƙara da ta shiga kasuwa da ta shiga bayi don kada a bar wata a baya. Wani ya yi atishawa ya ce a daina motsi.

Ana yi masa dariya, amma shi kaɗai ne ya tambayi rigar kariya, ya kuma ƙirga mutanen da aka ɗora. Duk wanda ke jin labaran kifewar jirage a Neja da Kebbi da Sakkwato kowace damina ya san cewa lodi fiye da kima da rashin wannan riga su ne ke cin rayuka. A tafi da shi, ko don ya yi ta mita.

Sakataren Kwamiti

Kafin ka rufe baki ya buɗe zaure a WhatsApp ya naɗa kansa mai kula. Washegari akwai kwamitin tsare-tsare, da na kuɗi, da na abinci, da na sasanta rikicin da kwamitin kuɗi zai haifar. An zaɓi uban tafiya, an fitar da anko, an yi mako biyu ana gardama a kan launin hula.

Sai aka zo tsayar da rana. Da damina kogi ya cika ya tumbatsa, a watan Satumba ma har gidajen bakin ruwa yake leƙawa. Da kaka ana biki. Da hunturu ƙura da mura. Da rani duwatsun kogin sun fito fili, kwale-kwale sai an sauka an tura. Da bazara rana za ta kashe mutum. Ga azumi, ga Salla, ga tafiyar alhazai, ga kuma hanyoyin daji da kowa ya san halin da suke ciki. Duk hujjojinsa gaskiya ne, shi ya sa ba a iya kayar da shi. Zauren yana nan har yau, ana tura gaisuwar Juma'a da tallan fili.

Ɗan Tattaki

Wannan ya yarda da doguwar tafiya, ya ma fi kowa zumuɗi, sai dai yana son sanin don wa za a yi. Tun da wani matashi ya tako da ƙafa daga Legas zuwa Abuja a 2015 don murnar cin zaɓen Buhari, aka samu sabuwar sana'a. Kowane zaɓe ya wuce sai ka ga wani ya ɗaura tuta a keke, ya manna hoton gwamna ko sanata a ƙirji, ya nufi babban birni, 'yan jarida na jiransa a ƙofar gari.

Shawararsa ita ce a buga riguna da hoton wani mai girma, a sanar da gidajen rediyo, a kuma tabbatar mai girman yana gari ranar da za a isa. Ka ce masa wannan tafiya ta nishaɗi ce, ba mai ba da ko sisi a ƙarshenta, sai ya dube ka da tausayi. Wahala ba sallama, in ji shi, ai asara ce.

Hajiya Mai Guzuri

Ba ta hau keke ba tun tana 'yar shekara tara, ranar da gwaggonta ta gan ta a kan na haya ta kai ƙara gida. Don haka ita 'yar jirgi ce, kuma ta ɗauki aikin da muhimmanci. Dambun nama bokiti guda, kilishi, cincin, soyayyun zabi, garin kunu, yaji kala uku, kuloli, tabarma, buta, risho, da katan ɗin ruwa. Tafiyar kwana uku ce, amma guzurin zai kai ayari Agadas.

Mai kwale-kwale ya dubi kayan ya ce, "Hajiya, ko ke ko su." Ta ce a tafi da su, ita ta biyo a mota. A Holan sa'o'inta na goya jikoki biyu a keke su kai su makaranta, kuma in ka gaya mata haka za ta ce ita ma da an bar ta da ta fi su. Jikarta ta riga ta koya a tsakar gida, Hajiya ce ma ta saya mata keken.

Mai Jaje

Ba zai je ba, ba a ma gayyace shi ba, amma saboda shi ne rabin majalisar suka janye. Shi ne wanda in ya ga maƙwabcinsa a kan keke zai tare shi ya kama hannunsa ya rage murya: "Malam, lafiya dai ko? Ina motar? Allah Ya mayar da alheri." Kafin magariba unguwa ta ji cewa wane ya karye.

Hujjarsa kullum ita ce Ojo Maduekwe, ministan sufuri a zamanin Obasanjo, wanda ya yi ta kiran 'yan Najeriya su koma keke, har wata rana bas ta ture shi a Abuja yana kan nasa. Labarin gaskiya ne, amma darasin da ke cikinsa na titi ne, domin titunanmu ba su ware wa mai keke ko taku ɗaya ba, tsakanin Keke Napep da tirela yake neman ransa. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 Mai Jaje ya rage surutu. An ce an gan shi da duku-duku a bayan layi yana gwada keken ɗansa.

Mai Faci da Mai Fito

Waɗannan biyun ba sa zama a majalisa, suna wurin aiki. Mai faci na gindin bishiya da kwanon ruwa da gam da tsohon famfo, ya san ciwon kowane keke a unguwar, har da na Alhaji, wanda giyarsa ta maƙale saboda rashin hawa. Mai fito na bakin kogi tun asuba, yana ƙetarar da masu lambu da masu ɗibar yashi da 'yan kasuwa, wasunsu da kekunansu a kwance a cikin jirgin. Abin da Bature ke tara kuɗin shekara don ya ɗanɗana, su da fasinjojinsu kullum a cikinsa suke, ba wanda ya taɓa ce musu hutu suke yi.

In da gaske ana son tafiyar, da su za a fara shawara, kuma a rage buri. Ba sai an yi kwana uku ba. Asabar guda ta isa: a taso daga Unguwar Rimi da sanyin safiya, a gangara lambun Gamji a ga gadar ƙarfen Lugga da aka ƙera a Zungeru a 1904 kafin a ɗauko ta zuwa Kaduna, a ƙetare ruwa da rigar kariya, a ci dambun Hajiya a wancan gefen, a dawo kafin azahar. Baba ya ja gaba, Mai Tsoron Ruwa ya ƙirga mutane, Sakatare a ba shi riƙon famfo.

Mai fito ba zai ƙi ba. Sharaɗinsa dai a sani tun a tudu: keke kuɗin mutum guda yake biya, kuma jip ba ta shiga.