Littafin Kyauta da Farashinsa

Kayan karatu na kyauta da ake zubawa a intanet sun sami sunan yanka a birnin Faris a 2002, a wani taron UNESCO. Manufar ba wuya: malami ya sauke littafi, ya gyara, ya raba wa ɗalibai, ko sisi bai biya ba.

Rayuwar irin wannan littafi takan fara a taron bita na malamai. Awar farko ta neman wayar majigi ce. Ta biyu ta neman mai janareta. Da an same su, sai a tashi sallar azahar. Bayan shinkafa da lemo, mai gabatarwa ya rubuta adireshin shafin a allo da alli, mahalarta su kwafa da biro, har da kuskuren harafi guda wanda zai hana shafin buɗewa har tashin ƙiyama.

Duk da haka, malami ɗaya mai ƙarfin data kan sauke littafin. Daga nan littafin ya faɗa zauren WhatsApp, ya kwanta tsakanin sanarwar ɗaurin aure da tallar maganin basir. Idan waya ta cika, dole a goge wani abu. Hotunan biki ba sa goguwa.

Zangon ƙarshe shagon fotokwafi ne. A buga, a ɗinke, a sa shuɗin bango, a yanka masa farashi. Hedimasta ya karɓi kwafi ɗaya ya kulle a kabad, kusa da kwamfutocin da har yanzu ke cikin ledarsu saboda ƙura.