Zuwa ga Bawana Bazazzagi, Mai Gadin Gawar Tsarin Mulki

Bawana, ina gajiya? Ko da yake kai ya kamata ka zo Kano ka durƙusa ka gaishe ni. Labari ya iso ni cewa tun da ka haddace hukunce-hukuncen marigayi Antonin Scalia, alƙalin Kotun Ƙolin Amurka daga 1986 zuwa 2016, ka hana ɗalibanka sakat. Wai tsarin mulki matacce ne, ma'anarsa ita ce abin da mutane suka fahimta ranar da aka rubuta shi, ba ƙari ba ragi. Dama ku Zage-zagi haka kuke da littafi: in ba a rubuta "sha ruwa" ba, sai ƙishirwa ta kashe ku a bakin rijiya.

To malam, buɗe kundin na 1787 da aka rubuta a Filadelfiya. Ya ambaci sojan ƙasa, ya ambaci na ruwa. Ina sojan sama, da suka zama runduna mai zaman kanta a 1947? A sauko da jiragen ke nan? Ka je ga gyara na huɗu, na 1791, da ya tsare gidan mutum da takardunsa daga binciken da ba dalili. Babu waya a ciki. Amma a 2014 duk alƙalan tara, har da gwaninka, suka ce ɗan sanda ba zai kutsa cikin wayar wanda ya kama ba sai da izinin kotu. Za ka ce ƙa'idar ce ta dā, aka ɗora ta kan sabon abu. Mu ma masu cewa tsarin mulki rayayye ne abin da muke faɗa ke nan, sai dai mu ba ma rufe fuska in za mu faɗa.

Inda ake kama ku shi ne shari'ar Brown ta 1954, da ta haramta ware makarantun baƙaƙe da na farare. Gyara na 14 aka kafa hujja da shi, na 1868, alhali a zamanin da aka yi shi makarantun birnin Washington kansa a ware suke, majalisa na kallo. Ka tsaya kan fahimtar mutanen 1868 mu gani. Shi kansa Scalia ya amsa a 1989 cewa in aka kawo masa dokar yi wa mai laifi bulala, da wuya ya bar ta ta wuce, ko da magabata ba su ga aibunta ba. Liman ya ja baya, kai ladan kana ta ɗaga murya.

Zan ba ka guda ɗaya, don ba a san Bakano da rowa ga bawansa ba. Tsoronka na alƙali ya zama sarki gaskiya ne. 'Yancin zubar da ciki da kotu ta bayar a shari'ar Roe a 1973, kotu ta karɓe a 2022. Sai dai maganinka, wai a je a gyara kundin, yana buƙatar kashi biyu cikin uku na majalisu biyu da jihohi 38 cikin 50. Gyara 27 kacal aka yi, na ƙarshe a 1992.

Kuma ba mu manta abin da bin lafazi ya yi mana ba. A zaɓen shugaban ƙasa na 1979 doka ta ce sai ɗan takara ya sami rubu'in ƙuri'u a kashi biyu cikin uku na jihohi 19. Shagari ya samu a 12, a Kano bai kai kashi 20 cikin ɗari ba. Awolowo ya kai ƙara, Kotun Ƙoli ta karɓi lissafin lauyan Shagari, Richard Akinjide: jiha 12 da biyu bisa uku. Aka datsa Kano gida uku kamar ragon suna, Mai Shari'a Kayode Eso na cewa ai jiha ba ta gutsuruwa. Da Zariya aka datsa, bawana, da har yau kana unguwar Kongo kana rubuta ƙorafi.